Babi na Uku: Ƙananan Kayan Ɗinkin Hannu da Yadda Ake Amfani da Su

Darasi na 1: Mu san kayanmu

Kafin ku ci gaba da karatu, ku ɗauko kayanku ku jera a gabanku: allura, zare, almakashi, tef na awo, fil, alli da hular yatsa. Wanda bai samu duka ba kada ya damu, ya leƙa na wanda ke kusa da shi. Ku ɗauki kowanne, ku faɗi sunansa da ƙarfi, sannan ku nemo sunan a wannan shafi ku ɗora yatsa a kai. Hannu yana koyon aiki, ido kuma yana koyon karatu.

Abin da muke son ɗinkawa shi ne bargo mai ninki uku. A sama akwai ƙyallaye da aka harhaɗa, a tsakiya auduga shimfiɗaɗɗiya, a ƙasa kuma yadi guda. Ɗinki ne zai ratsa ukun ya riƙe su.

Darasi na 2: Allura da zura zare

Ku ɗauki allura. Gefe ɗaya tsini ne, shi ke huda yadi. Ɗaya gefen yana da 'yar kafa, ta nan zare yake shiga. A jikin takardar da allurai ke zuwa a ciki akwai lamba. Ku lura da kyau, domin a nan ake ruɗewa: yadda lamba ta ƙara girma, haka allura take ƙara siranta. Lamba 10 ta fi lamba 7 siranta. Allurar bargo gajera ce, ba kamar ta ɗinkin yau da kullum ba, saboda gajera ta fi saurin shiga da fita a cikin ninki uku. Mai koyo ya fara da lamba 8.

Yanzu sai zura zare. Na daɗe ina koyar da wannan aiki, kuma ban ga inda ɗalibai suke shan wahala kamar nan ba. Don haka za mu daɗe a kansa, kada kowa ya ji kunya.

Ku ja zare kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa. A tef, wajen inci 18 ke nan, ko santimita 45. Ku yanka da almakashi, a karkace, don bakin zaren ya yi tsini. Ku riƙe bakin tsakanin babban yatsa da manuniya, ku matse, ku ja shi baya har ya zama ɗan ɗigo kawai kuke gani yana leƙowa tsakanin yatsun. Sai ku ɗauko allura da ɗaya hannun, ku sauko da kafarta a kan wannan ɗigo. Zare yana tsaye, allura ce take zuwa.

Mu maimaita. Zare yana tsaye. Allura ce take zuwa.

Akwai wata dattijuwa a ajinmu da ta yi kwana uku tana fama. Takan bar zare mai tsawon gaɓar yatsa yana reto, ta ɗaga allura sama, ta ƙanƙance ido, ta yi ta kai masa suka. Zaren ya lanƙwashe, ya kauce, bakinsa ya tarwatse. A rana ta uku ta ajiye allurar ta ce, "Ɗiyata, idon ne ya tafi." Na ce, "Iya, ba ido ba ne, ba ni hannunki." Na ja zaren baya cikin yatsunta har ya kusa ɓacewa, na sa farar takarda a bayan allurar don kafar ta fito fili. Sau ɗaya ta sauko da ita, zare ya wuce. Ta daɗe tana kallonsa ba ta ce komai ba.

To ku ma ku gwada. Yanka a karkace. Matse baki. Ɗigo kawai. Kawo allura. Idan bai shiga ba, kada ku ci gaba da tura bakin da ya riga ya tarwatse, ku sake yanke shi. Idan har yanzu ya ƙi, ku juya allurar ku gwada ta ɗaya fuskar, domin sau da yawa fuska ɗaya ta fi ɗaya santsi. Ku matsa inda haske yake. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma wani ɗan abu mai siririyar waya a lanƙwashe da ake sayarwa tare da allurai. Ana tura wayar ta kafar allura, a sa zare a cikin wayar, a jawo ta baya, sai ta fito da zaren. Wanda idonsa ya yi rauni ya yi amfani da shi, ba laifi ba ne. Amma ku ja a hankali, wayar ba ta da ƙwari.

Aiki: ku zura zare sau goma, kuna cirewa kuna mayarwa. Duk zurawa ɗaya ku ja layi ɗaya a littafinku, har layuka su cika 10.

Darasi na 3: Ƙulli da hular yatsa

Ku zura zare tukuna, kamar yadda muka koya. Zare a tsaye, allura ta zo. Kun yi? Madalla.

A ƙarshen zaren mai tsawo ake yin ƙulli, gefe ɗaya kawai. Ku ɗora wannan ƙarshen a jikin allura, ku naɗa sau uku, ku danne naɗin da yatsu biyu, ku zare allurar ta sama ba tare da kun saki ba. Naɗin zai sauka har ƙasa ya zama ƙulli ƙarami.

Hular yatsa ɗan murfi ne na ƙarfe ko na fata. A yatsan tsakiya na hannun da ke riƙe da allura ake sa ta. 'Yan ramukan da ke jikinta su ke tare gindin allura kada ya zame yayin da kuke turawa. Idan kun sunkuyar da hannu ta faɗi, ta yi yawa. Kwanakin farko za ta dame ku, kada ku cire. Ninki uku ba ya huduwa da tsurar yatsa.

Darasi na 4: Almakashi

A nan dole in yi faɗa. Sau nawa zan ce almakashin yadi na yadi ne kaɗai? Makon jiya na ga ana yanka kwali da shi a cikin ajin nan, bayan na gama magana da bakina. Takarda tana dasar da kaifi, dasasshen almakashi kuwa tauna yadi yake yi. Ku ɗaura masa ɗan ƙyalle a mariƙi don kowa a gida ya gane shi. Masu gutsure zare da haƙori kuma, ku ne kuke dawowa kuna cewa zare ya ƙi shiga. Ta yaya zai shiga, baki duk ya tarwatse? Kuma kada in sake ganin fil a bakin kowa. Ana haɗiye shi, ba wasa ba ne.

Wajen yanka, ku bar yadi a kwance, ƙasan almakashi yana taɓa tebur.

Darasi na 5: Tef, fil da alli

Tef yana da fuska biyu. Fuskar inci tana ƙarewa a 60, ta santimita a 150. Ku zaɓi ɗaya ku tsaya a kanta. Daga bakin ƙarfen da ke farkon tef ake fara awo. Wajen haɗa ƙyallayen bargo ana barin kwatar inci daga baki, wato wajen milimita 6. Ku ja layin da alli a bayan yadi, ku kafa fil a gicciye, ku bi layin.

Darasi na 6: Wuƙa mai taya

Wuƙar yanka yadi ce mai baki zagayayye da ke juyawa kamar taya. Kamfanin Olfa na Japan ne ya fito da ita a 1979. Ana gara ta a gefen rula mai kauri, a kan faifan yanka, wato shimfiɗar da ake sawa a ƙarƙashin yadi. Ku tura ta gaba, kada ku jawo ta wajen jikinku. Ku rufe bakinta duk lokacin da kuka ajiye.

Darasi na 7: Abin warware ɗinki

Ɗan ƙarfe ne mai baki biyu. Ku sa dogon bakin a ƙarƙashin zare, ku tura, ya tsinke. Ku tsince guntayen.

Aiki: ku zo da ƙyallaye biyu masu girma ɗaya, da allura a zure.