Kurakuran da aka fi yi wajen kula da dausayi a Kanada, da yadda ake gyara su

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dausayin duniya a Kanada yake, kuma wannan yalwar ce ta haifi kuskuren farko, wato ganin kamar abin ba ya ƙarewa. Mafi yawansa yana can arewa inda mutane ba su da yawa. A kudu kuwa, inda gonaki da birane suke, kudancin Ontario kaɗai ya rasa kusan kashi 70 cikin 100 na dausayinsa tun zuwan Turawa. Mai tsara aiki ya daina fakewa da jimillar ƙasa, ya ƙidaya abin da ya rage a kwarin kowane kogi.

Kuskuren da ya fi ɓarna shi ne raina ƙaramin kududdufi. A filayen noman Alberta da Saskatchewan da Manitoba akwai miliyoyinsu. Suna cika idan dusar ƙanƙara ta narke, da yawa kuma su ƙafe kafin girbi. Manomi mai katuwar tarakta yana ganinsu a matsayin cikas, sai ya haƙa lambatu ya zurare ruwan. Ruwan nan ba ɓacewa yake yi ba. Gonar maƙwabci yake faɗawa, daga nan ya shiga rafi ɗauke da takin zamani, ya ƙara ambaliya a ƙasa, ya kuma ciyar da gansakukar da ke lulluɓe tafkin Winnipeg. Ga shi kuma waɗannan ƙananan su ne ke fara ɗumi a bazara, inda agwagin daji ke samun ƙwarin da za su ci kafin su yi ƙwai. Gyaran ba shi da tsada: a toshe lambatun da ƙasa, ruwa ya koma wurinsa, sau da yawa irin ciyayin da ke kwance cikin laka ya tsiro da kansa. Amma a gaskiya zalunci ne a ce manomi ya ɗauki asarar shi kaɗai alhali amfanin na kowa ne. Shi ya sa shirin ALUS, wanda ke biyan manomi kuɗi duk shekara don ya bar irin wannan wuri yadda yake, ya fi wa'azi tasiri.

Sai batun musanya. Manufar gwamnatin tarayya ta 1991 ta ce kada a yi asarar amfanin dausayi a filayen gwamnati, kuma tsarin da ake bi yana da matakai: a kauce wa wurin, idan ba hali a rage ɓarnar, sai a ƙarshe a biya da wani. Masu gini kan tsallaka kai tsaye zuwa na ƙarshe, su haƙa tafki mai zurfi da gaɓa a miƙe su ce sun biya. Dausayi yana son gefe mai gangarowa a hankali, da ruwan da ke hawa yana sauka. Akwai ma wanda ba ya musanyuwa sam. A yankunan da ke kewaye da mashigin tekun Hudson Bay, ƙasar kanta ruɓaɓɓen tsiro ce da ke taruwa kimanin milimita ɗaya a shekara, ke nan mita guda aikin shekara dubu ne. Idan aka ratsa ta da titi ba isassun kwalbatoci, gefe ɗaya ya nutse, ɗayan ya bushe, busasshiyar kuma tana iya cin wuta a ƙarƙashin ƙasa har ta ƙetare hunturu. A nan, kaucewa ce kawai magani.

Wani kuskuren daga nesa yake zuwa, wato zaton cewa ambaliya abokiyar gaba ce. Bayan kammala madatsar Bennett a kan kogin Peace a 1968, ambaliyar bazara da ke cika tafkunan mashigar Peace da Athabasca ta ragu. Itatuwa suka mamaye inda ciyawar ruwa take, ɓerayen ruwan da mutanen Fort Chipewyan, garin da ke kusa da mashigar, ke farauta domin fatarsu suka yi ƙaranci. Duk wanda ya san abin da madatsun Tiga da Challawa suka jawo wa fadamar Hadeja da Nguru, da yadda kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. An gina ƙananan shingayen ruwa a shekarun 1970, sun ɗaga ruwan wasu tafkuna, amma ba su dawo da ambaliyar ba. Abin da ake buƙata shi ne a saki ruwa daga madatsar daidai lokacin da ƙanƙarar kogi ke fashewa.

Mutanen wurin sun daɗe suna faɗin haka. Sai da al'ummar Mikisew Cree, 'yan asalin yankin, ta kai ƙara gaban UNESCO a 2014 kafin gwamnati ta fitar da tsarin ceto gandun Wood Buffalo, inda mafi yawan mashigar take, a 2019. Mai shiga kwalekwale kowace bazara ya san mashigin da ya toshe tun kafin na'ura ta nuna, don haka a zaunar da shi tun ranar da za a zana taswirar aiki.