Yadda za ka gano habaicin siyasa a waƙoƙin bulus na Amurka

Duk wanda ya tashi a Sakkwato yana jin Narambaɗa ya san ba komai mawaƙi ke faɗa a fili ba. Haka waƙoƙin bulus suke, waɗanda baƙar fatan kudancin Amurka suka ƙirƙiro. A zamanin dokokin wariya na Jim Crow, wanda ya fito ƙarara ya zagi mai gona ko ɗan sanda a bakin ransa yake, don haka sai aka koma habaici.

Kafin ka kunna waƙar, nemo shekarar da aka ɗauke ta da yankin mawaƙin. Charley Patton ya ɗauki "High Water Everywhere" a 1929, kan ambaliyar kogin Misisipi ta 1927. A garin Greenville an tsare baƙar fata a kan madatsar ruwa, ana sa su aikin tilas da bakin bindiga. In ba ka san wannan ba, kukan ruwa kawai za ka ji. A nan kuma ake yawan tuntuɓe: mutane na jingina "Backwater Blues" ta Bessie Smith ga wannan ambaliyar, alhali ta ɗauke ta a Fabrairun 1927, madatsun kuwa sai a Afrilu suka fashe.

Sai tsarin baiti. Galibi layi uku ne: a faɗi na farko, a maimaita shi, sannan na uku ya zo da amsa. A na ukun nan ake ɓoye ƙayar, shi za ka rubuta a takarda. Saurara sau uku da abin kunne, domin tsofaffin fayafayan nan na minti uku suna da ƙara, lasifikar waya kuma tana cinye kalmomi.

Yi hattara wajen fassara. "Kyaftin" a waɗannan waƙoƙi yawanci ba soja ba ne, farar fata ne mai tsaron ma'aikata ko fursunoni. Duba sunan waƙar ma: J.B. Lenoir ya fitar da "Eisenhower Blues" a 1954, daga baya aka sake ta da suna "Tax Paying Blues", aka cire sunan Eisenhower, shugaban ƙasar Amurka na lokacin.

Amma kada zumuɗi ya kwashe ka. Mawaƙin da ke kukan matarsa ta gudu, sau da yawa matar ce dai ta gudu. Sai ka ji ya ambaci bashin gona, gidan yarin Parchman ko jirgin ƙasa mai kai masu barin kudu zuwa birnin Chicago a arewa, sannan ka fara tono.