Darasi na 6: Gyaran tsohuwar a-kori-kura kafin a ɗaura mata tirela

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa har yau tsofaffin Peugeot 404 da 504 a-kori-kura na nan suna aiki, irin na kamfanin Kaduna da ya fara haɗa motoci a 1975. Ita ce ta kai buhuna kasuwar Maigatari ran Alhamis, ta jawo injin casa zuwa gona, ita ce kuma ta kai iyali biki. To amma in mutum ya samu kuɗin kaka sai ya ce wa bakanike a ƙara wa inji ƙarfi, alhali birki ya kamata a fara dubawa, don motar da ke jan tirela tsayawa ce ke mata wuya ba tafiya ba.

A canja takalmin birki in ya cinye, a duba ko bututun na yoyo, a zuba sabon man birki. Sannan taya. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a jere, in kun ga 2319 ma'anarsa an yi ta a sati na 23 na shekarar 2019, kuma 'yan Rod Sefti sun ce shekara 4 ne wa'adinta ko da zanenta bai goge ba.

Wajen ɗaurin nan ne abin ke tayar min da hankali wallahi. Sai ka ga an ɗaure tirela a jikin bamba da igiya ko waya! Ƙarfen jan tirela a jikin shasi ake ɗaure shi da manyan noti, a ƙara sarƙa biyu a gitta su ta ƙasa, ko ƙugiya ta kuɓuce sarƙa ta riƙe. A jona wa tirelar danja da sigina saboda na baya. Kaya masu nauyi a gaban tayoyin tirela ake jera su, in nauyi ya koma baya za ta fara rawa a titi, in ta fara kar a taka birki da ƙarfi, a ɗaga ƙafa daga totur a riƙe sitiyari har ta nutsu.

Don Allah yara da uwargida ba a bodi ba in ana jan kaya. A gaba za su zauna da bel, in ba wuri a yi sawu biyu.

Aikin gida: kowa ya rubuto lambar taya ɗaya a littafinsa, mu lissafa shekarunta tare a aji.