Yadda Ake Bin Salsalar Baturen Likita: Misalin Dakta Baikie

Ɗalibin tarihi a Katsina da aka ba aikin binciko rayuwar wani likitan Birtaniya, sai ya fara gane yadda suke sa suna. A wurinmu ɗa yana ɗaukar sunan ubansa, jika kuma ya ɗauki na nasa uban. Su kuwa sunan gida ɗaya ne ke bin zuriya, mace kuma takan ajiye na gidansu ta ɗauki na miji ranar aure. A nan dangin uwa suke ɓace wa mai bincike.

Ɗauki William Balfour Baikie, likitan da ya zauna a Lokoja, ya kuma zo Kano a 1862. Raba shafin littafinka gida biyu, hagu ka rubuta abin da ka samu, dama ka rubuta takardar da ta faɗa. Duk abin da gefensa na dama ya zauna fayau, kada ya shiga rubutunka.

Shekarar haihuwa ita ce ke nuna maka inda za ka nufa. Gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila a 1837, a Sikotilan kuwa sai 1855. An haifi Baikie a Kirkwall ta tsibiran Orkney da ke Sikotilan a 1825, tun kafin rajistar gwamnati, saboda haka littattafan coci za ka duba a ScotlandsPeople, shafin intanet na tsofaffin takardun Sikotilan. Ka yi hattara, sau da yawa ranar baftisma suke rubutawa, ba ranar haihuwa ba. Takardar mutuwa ta Sikotilan ta fi ta Ingila amfani nesa ba kusa ba, domin tana kawo sunan uba da na uwa har da sunan gidansu kafin aure. Ta Baikie dai kada ka wahalar da kanka nemanta a can, a Saliyo ya rasu a Disambar 1864. Ta 'yan uwansa za ka nema.

Ƙidayar jama'ar Birtaniya ta 1841 tana yawan ruɗa mutane. Duk wanda ya haura shekara 15 ana rage masa shekaru zuwa biyar-biyar, mai 29 sai ka ga an sa 25. Ta 1851 ta fi, tana faɗin garin haihuwa da dangantakar kowa da maigida.

Rajistar likitocin Birtaniya ta fara fitowa ne a 1859, don haka wanda ya mutu kafin nan, kamar Dakta Oudney da ya rasu kusa da Katagum a 1824, ba ya ciki. Baikie likitan sojan ruwa ne, takardun aikinsa sai gidan adana tarihi na Kew a Landan. Littafinsa na 1856 kan tafiyar jirgin Pleiad a Binuwai, wadda aka riƙa shan kwinin ba a rasa ko mutum ɗaya ba, karanta shi da taswira a gefe, domin sunayen garuruwa ya rubuta su ne yadda kunnensa ya ji.