Yadda za ka fara kallon kaboyin Italiya ba tare da ka gundura ba

Kawuna ne ya koya mini kallon kaboyi, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: in kana sauri, tashi ka ba wani wuri. Kwanaki na tura wa ɗan yayana Once Upon a Time in the West, ba a jima ba ya kira ni: "Baffa, fim ɗin nan lafiya kuwa? Mutum uku ne zaune a tashar jirgin ƙasa, ɗaya sai fama yake da ƙuda." Laifina ne, na ɗora shi a kan wanda ya kamata ya zo ƙarshe.

Da farko ka san abin da ke gabanka. Labarin na Amurka ne, amma 'yan Italiya suka shirya, yawanci a hamadar Tabernas da ke Almeriya a kudancin Sifaniya, wasu fitowar kuma a ɗakunan ɗaukar fim na birnin Rum. Saboda gudun kada a raina hajarsu, har sunan aro suka riƙa sawa: darakta Sergio Leone ya fito da sunan Bob Robertson a fim ɗinsa na 1964. In ka ga baki bai dace da magana ba, kada ka ɓata data wajen neman wani kwafi. Haka aka yi su. Kowane ɗan wasa yarensa yake yi a gaban kyamara, daga baya a ɗora murya.

Sai ka gyara wurin kallo. Nemi allo mai faɗi, kada ka zuƙo hoton don ya cika waya, domin Leone kan ajiye mutum ɗaya a wannan gefe, abokin gabarsa a wancan, kana zuƙowa ka yanke ɗaya. Ka jona sifika mai kyau. Rabin labarin a kiɗan Ennio Morricone yake, da fito da ƙararrawa da bulala da jita. Shi da Leone ajinsu ɗaya a firamare.

Fara da fim ɗin Leone, A Fistful of Dollars na 1964, bai kai awa biyu ba, kuma a nan Clint Eastwood ya tashi daga ɗan wasan talabijin ya zama tauraro. Labarin kwafi ne na Yojimbo, fim ɗin Akira Kurosawa na Japan, har sai da aka kai ƙara aka biya. Bi shi da For a Few Dollars More na 1965. Ni wannan na fi so, ko da za a yi mini ca. Akwai agogon aljihu mai kiɗa a hannun bos. Ya buɗe shi, kiɗan na tsayawa a zaro bindiga. Ka saurari yadda sautin ke ja da baya a hankali, za ka ji hantarka na kaɗawa alhali ba wanda ya motsa. In ka iya zama wa wannan, ka koyi kallon nau'in gaba ɗaya.

Na uku The Good, the Bad and the Ugly na 1966, kusan awa uku, don haka ka ci abinci tukuna. Karon ƙarshe a wata maƙabarta ake yi, wadda sojojin Sifaniya suka gina don fim ɗin a yankin Burgos. Mutum uku a da'ira, kyamara na tsalle daga ido zuwa hannu zuwa ido. Kada ka kuskura ka tura gaba. Duba wanda idonsa ke rawa da wanda hankalinsa ke kwance, akwai dalili.

Ka kuma ajiye lissafinmu na akta da bos. A nan aktan ma kuɗi yake nema, bai damu da wanka ba, balle gaskiya. Darakta Sergio Corbucci ya fi kowa tsanantawa: Django na 1966, inda Franco Nero ke jan akwatin gawa cikin taɓo, akwai zubar da jini, a kori yara. Ka lura, finafinai da dama sun ari sunan Django don kasuwa kawai, duba sunan Nero da shekarar. The Great Silence na 1968 kuwa cikin dusar ƙanƙara aka yi shi, kuma masu cewa akta ba ya mutuwa su shirya. In ranka ya ɓaci, wanke shi da barkwancin Terence Hill da Bud Spencer a They Call Me Trinity.

Bayan duk wannan ka koma tashar jirgin nan. Yanzu za ka ji kukan injin iska, da ɗigon ruwa a kan hula, da ƙudan. Ɗan yayan nawa yana kan na biyu, jiya ya aiko yana tambayar hoton wace ce a cikin agogon.