Kafin a zauna gaban mai ƙunshi

'Yan uwa mata, musamman amare masu shirin biki, ku riƙa tambayar mai ƙunshi me ta kwaɓa kafin ku miƙa mata hannu. Lallen gargajiya ja yake bayarwa ko ruwan goro, kuma sai an ɗaure shi sa'o'i kafin ya kama. Wanda ke yin baƙi ƙirin cikin mintuna kaɗan, galibi dayis ne, an zuba masa sinadarin PPD da ake sawa a rinin gashi.

Wata fatar ba ta ɗaukarsa. Sai ƙaiƙayi, sai kumburi, sai ƙuraje masu ruwa su fito daidai kan zanen, fure-fure yadda aka zana shi, wani lokacin ma tabon ya zauna. Kuma ba lallai ya nuna ranar ba, yakan kai sati ɗaya zuwa biyu. Wadda ya taɓa yi wa haka, ta guji baƙin rinin gashi har abada, don jikin ba ya mantawa.

Yara ƙanana kuwa, don Allah kada a yi musu dayis, ko da Sallah ce. In kumburi ya fito, a wanke wurin da sabulu a nufi asibiti, kada a tsaya shafa man zafi.