Yadda Ake Lissafin Tashin Babban Jirgi Idan Titi Ya Yi Kaɗan

Ƙannena da kuka fito daga kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, kuna shirin zama teburin lissafi a filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina lokacin jigilar alhazai, da ku nake. Ku cire tambayar nan daga bakinku, wai "shin titin nan zai ɗauki jirgin nan?" Ba haka muke tambaya ba. Cewa muke yi, yau, a wannan awa, da wannan zafi da wannan iska, tan nawa titin zai yarda a tashi da shi? Titin da ya wadatar da asuba sai ya gajarce maka bayan Azahar, alhali ko taku ɗaya ba a rage masa ba.

Fara da nauyi, kuma na gaskiya. Boeing 747-400, irin wanda ya daɗe yana kwasar alhazanmu, iyakar nauyinsa na tashi kusan tan 397 ne, kuma a wannan nauyi yana son titin da ya haura mita 3,000 ko a bakin teku da sanyin gari. Sauƙinmu shi ne Jidda ba ta da nisa a wurinsa, kimanin kilomita 3,500 ce daga Katsina, shi kuwa yana shan kusan tan 10 na mai a awa, don haka ba a cika tankinsa. Haɗa nauyin jirgin kansa, da man, da mutane, da kaya. A kan kaya nake da tsanani. Jakar da ba ta hau sikeli ba, ba ta shiga takardata, ko ta wane ce.

Sai zafi, kuma nan nake so ka zauna da kyau, domin nan Katsina take gwada mutum. Littafin jirgi yana auna komai da wani yanayi na ƙa'ida: digiri 15 a bakin teku, yana raguwa da kusan digiri 2 a kowace ƙafa 1,000 da aka hau. Garinmu yana kimanin ƙafa 1,700 sama da teku, wato a ƙa'ida zafinmu bai kamata ya wuce digiri 12 ba. To ka fito da rana tsaka a watan Afrilu ko Mayu ma'auni ya nuna maka 40. Mun haura ƙa'ida da digiri 28 ke nan. Kowane digiri ɗaya kamar an ɗaga filin ne da ƙafa 120. Ninka ka tara, za ka ga jirgin yana jin kansa a tudu mai ƙafa 5,000. Iska ta yi sakayau, fiffike ba ya samun abin riƙewa sai an ƙara gudu, injin kuma ba ya shaƙar abin da zai ishe shi. Yawancin injinan nan suna ba da cikakken ƙarfinsu har zuwa wajen digiri 30 a bakin teku, daga nan ƙarfin ya dinga sauka. Ƙarin gudu da raguwar ƙarfi, duk a jikin titi ake biyan su. A 'yan shekarun nan jigila tana faɗowa tsakiyar bazara, shi ya sa ba na karɓar zafin da aka faɗa awa biyu da suka wuce, sai na nemi sabo.

Iska ba ta da wuyar sha'ani. Wadda ke busowa ta gaba, rabinta kawai ake lissafawa. Wadda ke biyo jirgi ta baya, sai a ninka ta ɗaya da rabi. In ta bayan ce, ko kaɗan ce, roƙi hasumiya a tashi ta ɗaya bakin titin.

Yanzu ainihin abin da mutane ba su sani ba. Duk lissafin nan ana yin sa ne a kan cewa injin ɗaya zai mutu a lokaci mafi muni. Akwai gudun da ake kira V1. Kafin a kai shi, in matsala ta taso, kyaftin zai taka birki, kuma dole ragowar titin ta isa jirgin ya tsaya. Da an wuce shi babu tsayawa, dole jirgin ya ɗaga da sauran injinansa, ya kai tsayin ƙafa 35 a ƙarshen tazarar da aka ba shi. Bayan V1 sai VR, inda ake ɗaga hanci, sai V2, gudun hawa da injin ɗaya a mace. Ko a sama ba a gama ba: jirgi mai injin huɗu sai ya iya hawa da kashi 3 cikin 100, wato ƙafa 3 sama a kowace ƙafa 100 da ya yi gaba, mai injin biyu kashi 2.4. Saboda haka nauyi iri-iri za su fito maka, na tsawon titi, na hawa, na birki da taya, na dogayen abubuwan da ke gaban titi. Mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ne naka. Da damina, in titi ya jiƙe, birki ba ya ci kamar da, sai a sauko da V1, nauyin ma yakan biyo shi.

In nauyin da ke hannunka ya fi wanda aka yarje, kada ka yi saurin sauke kayan bayin Allah. Duba ko an lissafa titin tun daga bakinsa, ba daga mahaɗar tsakiya ba. Duba filaf, wato ƙarin fiffiken da ake saukowa da shi: 747-400 yana tashi da filaf 10 ko 20, na 20 yana ɗaga jirgi da wuri amma yana rage ƙarfin hawa, don haka ka san wanne ne ya matse ka, titi ko hawa. Ranar da titi ya wadata ana rage wa injin wuta don ya yi ƙarko, ranar matsi kuwa a ba shi duka. Ana iya kashe na'urar sanyaya ɗaki na 'yan mintoci don iskar da take ja daga injin ta koma ƙarfi. In duk bai isa ba, ni abin da na fi so shi ne a jira dare ko asuba. Na san zaman jira a sansanin alhazai ba daɗi, musamman ga iyayenmu tsofaffi, amma faɗuwar digiri 15 tana dawo da tan masu yawa. Sai a ƙarshe a rage kaya su biyo jirgin baya. Man da doka ta wajabta kuwa ba a taɓa shi.

Saura lambar da ake shigarwa kwamfuta, kuma ita ce ta fi hana ni barci. A watan Oktoba na 2004, wani 747 na kaya na kamfanin MK Airlines ya taso daga Halifax ta Kanada da lissafin da aka yi da nauyin tashin da ya gabata, wanda ya yi ƙasa sosai da na gaskiya. Bai iya ɗagawa yadda ya kamata ba, ya faɗi, mutum 7 da ke ciki suka rasu. A watan Maris na 2009, a Melbon ta Ostireliya, an rubuta tan 262.9 a maimakon 362.9 ga wani Airbus A340 na Emirates. Wutsiyarsa ta daki ƙasa, ya wuce ƙarshen titi kafin ya ɗaga da ƙyar, Allah ya kiyaye mutanen ciki. Duka biyun injinansu lafiya lau.

Don haka ka yi naka lissafin kai kaɗai, matuƙa su yi nasu, kada wani ya leƙa na wani kafin a gama. Sannan a karanta nauyin da babbar murya daga takardar lodi ta ƙarshe, lamba bayan lamba, ba daga ka ba. Tambayi kanka kuma, jirgi cike da alhazai kusan 500 zai yi wannan nauyin? In an ƙara kaya bayan ka sa hannu, ko zafi ya hau, ko iska ta juya, je ka sami kyaftin ka ce, "Ranka ya daɗe, lamba ta canza," a sake lissafin daga farko kafin a rufe ƙofa.